Babi na Tara: Sensar Zafin Iska, Gwajinta da Canjinta

A duk faɗin ƙasar Hausa, daga Zariya har Damagaram, ba a taɓa yin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili ba. Amma a garejin masu wayarin, da tsakar rana a watan Afrilu, ana iya jona wa mota sikana ta nuna cewa iskar da injin yake shaƙa tana kan wannan adadi daidai, wato -40. Abin da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ne. Mai gyara zai ce, "Alhaji, sensa ce ta mutu," a tashi yaro zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka, a sayo wata a ɗaura. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma kafin mota ta kai gida fitilar cek ta sake kamawa, domin tun farko lafiyar sensar ƙalau: waya ce ta tsinke, ko kuwa soket ne bai zauna ba.

Cikin sensoshin da ke jikin inji, da wuya a sami wadda ta kai wannan sauƙin gwaji. Wayoyinta biyu ne kacal, babu abin da ke motsi a cikinta, kuma duk wanda ya iya riƙe mita zai iya yanke mata hukunci kafin shayinsa ya huce. Shi ya sa nake ganin babu uzuri a canza ta da canki-canka.

Me ya haɗa inji da zafin iska?

Injin fetur yana son kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya na mai, kafin man ya ƙone tas. Lura da cewa lissafin na nauyi ne. Silindar inji kuwa ba ta san nauyi ba, girmanta ɗaya ne kullum, kamar mudun awo. Duk wanda ya taɓa sayen gero ya san mudun da aka girgiza aka danna ya fi wanda aka zuba sakwa-sakwa nauyi, alhali mudun bai canza ba. Iska mai sanyi a matse take, mai zafi kuma a sake. A digiri 15 na ma'aunin Selshiyas, irin safiyar hunturu a Kano, iskar da ta cika ɗaki mai tsawon mita ɗaya ta kowane ɓangare tana da nauyin kusan kilo 1.2. Idan zafi ya kai digiri 45, nauyin yana raguwa da kusan kashi 10 cikin ɗari. A taƙaice, duk ƙarin digiri uku yana cinye kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da ke shiga silinda. Idan iska ta ragu aka ci gaba da zuba mai yadda aka saba, man ya yi yawa ke nan, sai ya fita ta salansa bai ƙone ba.

Motocin kafireto ba su da hanyar sanin wannan sosai, shi ya sa tsofaffin direbobi ke cewa mota ta fi ja da asuba. Gaskiya suka faɗa. Da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin feshin mai da lantarki ke sarrafawa, wanda ya kira D-Jetronic, aka fara sa shi a motar Volkswagen 1600 a shekarar 1967, ɗaya daga cikin abubuwan da tsarin yake aunawa shi ne zafin iskar da ke shiga inji. Tun daga lokacin har yau, galibin motocin injekta suna amfani da wannan awo.

Akwai aiki na biyu da ba kowa ya san shi ba. Iska mai zafi tana sa cakuɗen mai da iska ya fashe da kansa kafin lokaci, abin da ke jawo ƙarar nan ta "kal-kal-kal" idan an taka totur a kan tudu. Don haka idan ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ta ga zafin iska ya hau, sai ta ɗan jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta. Ƙarfi zai ɗan ragu, amma fistin ya tsira. A ƙasa irin tamu, inda iskar da ke ƙarƙashin bonet kan wuce digiri 50 a cunkoson ababen hawa, wannan aiki na biyu ya fi na farko daraja a ganina.

Abin da ke cikinta

Idan ka cire sensar ka duba bakinta, za ka ga wani ɗan ƙwallo bai kai ƙwayar dawa ba, maƙale a kan siraran ƙafafu biyu, wani lokaci cikin ɗan keji na roba. Shi ne tamista. Halinsa shi ne yana yi wa wutar lantarki turjiya mai yawa idan yana da sanyi, turjiyar kuma tana raguwa gwargwadon yadda ya ɗumama. Michael Faraday na Ingila ne ya fara lura da irin wannan hali a shekarar 1833, a jikin wani haɗin azurfa da farar wuta. Ana auna turjiya da om.

Ƙwaƙwalwar mota tana tura bolt 5 zuwa sensar ta waya ɗaya, bayan wutar ta ratsa wani rizisto da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta. Waya ta biyu ita ce ta dawowa, wato at. A littattafan Toyota ana kiran ta farko THA, ta biyun kuma E2. Idan iska na da sanyi, tamista ya toshe hanya, wutar da ke kan waya ta farko tana nan da yawa. Idan iska ta yi zafi, hanya ta buɗe, wuta ta zurare ƙasa, adadin bolt ya sauka. Abin da ƙwaƙwalwa ke karantawa ke nan, ta mayar da shi digiri.

Daga nan za ka gane asirin -40. Idan waya ta tsinke ko aka zare soket, babu inda wuta za ta bi, sai ta tsaya cif a kan bolt 5. A wurin ƙwaƙwalwa wannan na nufin sanyi mafi tsanani, kuma a ƙa'idar OBD-II, wadda Amurka ta wajabta wa motoci tun daga 1996, ma'aunin zafin iska daga -40 yake farawa. Saboda haka duk lokacin da ka ga wannan adadi, abin da motar ke faɗa maka shi ne hanya ta yanke a wani wuri. Ba ta ce a cikin sensa ta yanke ba. Akasin haka kuma, idan wayoyin biyu suka goge suka haɗu, wuta ta faɗi kusan sifili, sikana za ta nuna zafin da ya wuce hankali. A Toyota digiri 140 za ka gani.

Ina take?

Ya danganta da mota, kuma nan ne mutane da yawa ke fara ɓata. A Corolla da Camry da galibin motocin Toyota na wannan ƙarni, ba ta tsaya ita kaɗai ba, tana cikin iyafulo mita, na'urar nan da ke bayan akwatin iyakilina, mai soket mai fil biyar. Biyu daga cikin filolin na zafin iska ne. A tsofaffin Honda Accord da Civic tana jikin manifol, a wasu na baya kuma an cusa ta cikin tiyon iska. A Golf da Peugeot da dama an haɗe ta da sensar da ke auna matsin iska a manifol, mai fil huɗu. Motocin da ke da tabo, har da na dizal, sukan sami wata bayan intakula, domin matse iska yana ƙara mata zafi.

Kada a rikita ta da wasu biyu masu kama da ita. Akwai ta zafin ruwan inji, wadda ke kusa da gidan tamostat, akwai kuma ta zafin waje da ke bayan bamba, wadda ke nuna adadi a dashbod. A sikana, tamu tana zuwa da haruffan IAT.

Alamu, da iyakarsu

Idan ta lalace, ana iya ganin fitilar cek, ƙarin shan mai, wahalar tashi idan inji ya yi zafi, silo marar daidaito, ko nauyin jiki wajen ja. Sai dai a yi wa sensar adalci: kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamu tana da wasu dalilai da suka fi ta yawan faruwa, kamar tsofaffin fulogai, nozul mai datti, famfon mai da ya gaji, ko tiyon iska da ya tsage. Haka kuma idan ƙwaƙwalwa ta gane cewa awon ya lalace, takan yi watsi da shi ta ɗauki wani adadi na wucin gadi. Toyota digiri 20 take ɗauka, kuma mota tana tafiya a haka. A motar da ke da iyafulo mita, wadda dama nauyin iska take aunawa kai tsaye, tasirin a kan mai kaɗan ne. A motar da ke lissafa iska daga matsin manifol, tasirin ya fi girma, domin ba ta da wata hanyar sanin nauyin iskar sai da wannan awo. Don haka idan mota tana zubar da baƙin hayaƙi kamar an kunna taya, ko tana mutuwa a kowace mahaɗa, a gwada wannan sensa, amma kada a shafa mata kashin kaji.

Lambobin da sikana ke fitarwa game da ita suna jere daga P0110 zuwa P0114. P0110 na cewa akwai matsala a layin gaba ɗaya. P0112 wuta ta yi ƙasa, wato wayoyi sun haɗu. P0113 wuta ta yi sama, wato layi ya yanke, kuma ita aka fi gani. P0114 matsala ce mai zuwa tana tafiya, wadda kusan kullum soket ne ko waya mai shirin tsinkewa. P0111 ce kawai ke nuna cewa awon yana zuwa amma bai yi kama da gaskiya ba, ita ce kuma ta fi karkata ga sensar kanta. Wani abin lura a Toyota: idan P0113 ta fito tare da P0102, wadda ta shafi awon iska, abu na farko da za a duba shi ne ko an manta ba a mayar da soket ba bayan an canza iyakilina. Na'urori biyu da ke gida ɗaya ba sa mutuwa rana ɗaya haka kawai.

Gwaji

Fara da ido da hannu. Kashe mota, zare soket, duba cikinsa da tocila. Shin akwai koren tsatsa a kan filoli? Shin wani fil ya koma baya? Ɗan maƙallin da ke riƙe soket yana nan ko ya karye? Bi wayoyin da yatsa, kana ɗan jan su a hankali, musamman daf da bakin soket, domin a nan jan ƙarfen ke karyewa a ciki alhali robar waje tana nan lafiya. Motocinmu mafi yawansu sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano ko Legas, zafi ya riga ya gasa robobinsu. Ga ɓeraye a motar da ta daɗe a ajiye. Ga kuma wankin inji da ruwa mai ƙarfi, wanda ke tura ruwa cikin soket ya bar shi yana cin ƙarfe sannu a hankali.

Wannan tsatsa tana da wata illa ta ɓoye da ya kamata a fahimta da kyau. Ba ta yanke layi gaba ɗaya, ƙara masa turjiya take yi. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta iya bambanta turjiyar tsatsa da ta tamista, sai ta ɗauka iska ta fi yadda take sanyi. Ana iya yin watanni mota na karanta digiri 25 a inda ya kamata ta karanta 45, babu fitila, babu lamba, sai dai mai na tafiya, kariyar da ake ba fistin kuma ta ragu.

Gwajin da ke kama irin wannan shi ne na safiya. A bar mota ta kwana ba a tayar da ita ba. Da safe a jona sikana a soket mai fil 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a murɗa makulli wuta ta kawo amma kada a tayar da inji. A duba zafin iska da zafin ruwa. Tun da komai ya huce tare, ya kamata su biyun su yi kusa da juna, su kuma yi kusa da zafin garin a wannan safiya, bambanci bai wuce 'yan digiri kaɗan ba. Idan ruwa ya ce 24, iska ta ce 5 ko 60, an kama mai laifi ko layinsa. Wannan gwaji ba ya yiwuwa a motar da ta shigo gareji yanzu, domin idan an kashe inji mai zafi, iskar da ta tsaya a tiyo tana ɗaukar zafin ƙarfe, awon ya hau ƙwarai, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Sai a raba tsakanin sensa da waya. Sikana na jone, a zare soket: ya kamata ta nuna -40. Sannan a ɗauki 'yar gajeriyar waya a haɗa filoli biyu na zafin iska a cikin soket ɗin: ya kamata awon ya tsallaka zuwa ƙololuwar zafi. Idan duka biyun sun faru, wayoyi da ƙwaƙwalwa lafiya suke, saura sensa. Idan an haɗa amma ya ƙi motsi daga -40, to layi ne ya yanke, ko sabuwar sensa goma aka sa ba za ta canza komai ba. A nan ina jan kunne sosai. A soket mai fil biyar akwai fil ɗaya da ke ɗauke da bolt 12 na batir. Wanda ya haɗa shi da layin ƙwaƙwalwa bisa kuskure yana iya ƙona ta, a tashi daga gyaran 'yan dubbai a koma na dubban ɗaruruwa. Wanda bai tabbatar da filolin daga zanen wayarin motar ba, ya bar wannan mataki. Haka nan ƙwan gwajin nan da masu wayarin ke tsikara wa kowace waya, ba a yi shi don layin sensa ba. Huda waya da allura ma ƙofa ce ake buɗe wa ruwa.

Wanda ba shi da sikana, mita ta ishe shi. Makulli a kunne, soket a zare, tsakanin filoli biyun ya kamata a sami kusan bolt 5. Daga nan a kashe mota, a juya mita zuwa om, a auna sensar ita kaɗai. Ga abin da ake sa rai daga irin ta Bosch, kuma ta Toyota tana daf da haka: kusan om 5,900 a digiri sifili, 2,500 a digiri 20, 1,700 a digiri 30, 1,200 a digiri 40, sai kusan 600 a digiri 60.

A dubi waɗannan adadi da kyau, domin akwai tarko a cikinsu. Galibin littattafan gyara adadin digiri 20 suke bayarwa, tun da a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Makanike a Sakkwato ko Maiduguri ya haddace 2,500, ya auna a rumfar kwano da azahar ya sami 1,200, ya ce sensa ta mutu rabi. Alhali daidai take, garin ne ke da zafi. Dole a san zafin wurin da ake awon kafin a yi hukunci. Haka kuma ba duk kamfanoni ne ke amfani da ma'auni ɗaya ba. Ta motocin General Motors, irin su Chevrolet, tana kusan 3,500 a digiri 20, ta sauko kusan 1,460 a digiri 40.

Adadi ɗaya bai isa shaida ba, sai an ga tana motsi. Mita na maƙale, a hura mata iska mai ɗumi da dirayar gashi daga ɗan nesa. Ya kamata adadin ya riƙa sauka sumul, idan an janye kuma ya riƙa hawa sumul. Idan ya tsaya cak, ko yana tsalle, ko ya ɓace ya dawo, ta gama aiki. Ban da ashana, ban da laita.

Wani lokaci datti ne kawai. Ƙurar hunturu da ta ratsa iyakilina mai rahusa, idan ta haɗu da tururin baƙin mai da ke dawowa ta tiyon numfashin inji, takan yi wa tamista riga, sai ya riƙa jinkirin jin canjin zafi. A fesa masa maganin wanke iyafulo mita ko na kayan lantarki, a bar shi ya bushe da kansa. Fetur da maganin wanke kafireto suna cin roba. Idan a cikin iyafulo take, kada tsumma ko buroshi ya taɓa siririyar wayar da ke ciki.

Saye da ɗaurawa

Idan gwaji ya tabbatar ta mutu, a tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, da mita a aljihu. Lambar da ke jikinta ita ce jagora, ba kamanni ba. Na iyafulo mitar Toyota da 22204 suke farawa, kuma lambobin da ke biye su ne ke bambanta inji da inji, duk da cewa da yawansu suna shiga rami ɗaya. Tsakanin sabuwa marar asali da 'yar Beljiyam ta gaske, ni na fi amincewa da ta biyun, muddin an auna ta a gaban mai shago. Ka ɗora mata mita, ka hura mata numfashinka ko ka kai ta rana, ka ga adadi ya motsa. Mai kaya na ƙwarai ba zai hana ka ba.

Ɗaurawar ba ta da wuya. A kashe mota a zare makulli. Ba lallai ne a cire kan batir ba, cire shi ma yakan sa rediyon wasu motoci ya kulle, silo kuma ya rikice na ɗan lokaci. A danna maƙallin soket kafin a ja, kuma soket ake ja, ba waya ba. Wadda ke cikin tiyo murɗawa ake yi a hankali a zaro ta daga robarta. Mai sukurori biyu a kwance su, a duba zoben robar da ke wuyanta, domin idan ya tsage ko aka manta da shi, iska za ta riƙa shiga ta gefe ba da lissafi ba, a haifi sabuwar matsala. Mai zare a fara ɗaura ta da hannu har ta zauna, sannan a ɗan ƙara da sifana. Yawancin manifol na yanzu roba ne, ƙarfin tuwo yana fasa shi. A tura soket har a ji ya ce "ƙas".

Sai a goge lambar da sikana, a tayar da inji, a kalli awon. A tsaye zai riƙa hawa a hankali, idan aka hau titi iska ta fara ratsawa zai sauko ya kusanci zafin gari. Ko ba a goge ba, idan gyaran ya yi, fitilar cek tana mutuwa da kanta bayan tafiya uku a jere da ƙwaƙwalwa ba ta sake ganin laifin ba. Abin da ba gyara ba ne shi ne cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin salatif, haka nan cusa rizisto a soket don a ruɗi ƙwaƙwalwa wai mota ta ƙara ƙarfi. Mai yin haka ya hana injin sanin zafin da yake ciki, a ƙasar da zafi ne babban abokin gabansa.

Kai kuma mai mota, ba sai ka iya riƙe mita ba kafin ka kare aljihunka. Idan an ce maka sensa ce, ka tambaya cikin mutunci: "Oga, nawa ta nuna a sikana da safe? Da ka zare soket akwai bolt 5? Om nawa ka samu?" Makaniken da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, ya ma nuna maka da idonka. Idan kuwa an riga an sa sabuwa, fitila ta dawo da lambar nan dai ta farko, kada ka yarda a sake komawa kasuwa. A bi waya daga soket har ƙwaƙwalwa.